Gadar da Baba Ya Bar wa Ruwa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai abu ya karɓi abinsa. Mahaifina ya rasu a gidana da ke Gusau, wata Talata bayan la'asar, a farkon daminar bana. Yana zaune ne a kujerarsa ta tsakar gida, wadda kullum yake juya ta ta fuskanci ƙofa. Takalmansa na ƙafarsa, a goge tas.

Kowa da irin Baban da ya zo yi wa ta'aziyya. Mutanen unguwarmu ba su san shi da komai ba sai tsohon nan mai gyaran kwata. Liman ma da ya tashi yabonsa, abin da ya fara ambata shi ne tun da Baba ya gyara magudanar wurin alwala ba wanda ya sake shiga masallaci da jiƙaƙƙen wando. Tsofaffin sojoji uku suka zo, ɗaya da sanda, ɗaya ana riƙe da hannunsa. Da aka fito da makara ina leƙe ta taga, sai na ga sun ja sun ƙame sun sara masa. Wasu malamai suka ɗaure fuska. Mai sandan ya ɗaga murya ya ce, "Oga Injiniya, aiki ya ƙare, a sauka lafiya." Daga nan kuka ya ƙwace masa, sai da aka zaunar da shi.

Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Bungudu, ita ce ta faɗi abin da kowa ke haɗiyewa. Tana shigowa ta zube a gaban Inna, mahaifiyata, ta ce, "Ɗan'uwana ya mutu baƙo. Ga gidanai, ga gonatai, ga kushewar Innarmu, amma yaz zo yam mutu gidan suruki." Ba ta dube ni ba. Ba ta ma bukatar ta dube ni, domin duk wanda ke ɗakin ya san makullin gidan surukin a hannun wa yake.

Baffa, ƙanen Baba da ya rage a ƙauyenmu can bayan 'Yankuzo, bai iso ba sai ranar uku, don sai da ya jira ranar da motoci ke fitowa a ayari. Ya shigo da laka har ƙwauri. Ya gaida Inna, ya yi addu'a, ya shafa. Ni kuwa na durƙusa na gaishe shi bai amsa ba, tambaya kawai ya jefo mini.

"Ya bar mani takarda?"

Gwaggo ta ce, "Haba! Ko ƙasa ba ta bushe bisa kushewatai ba, kana zancen takardun gona?"

"Ba gona nika tambaya ba," in ji Baffa. "Ita ta san abin da nika nuhi."

Na sani kuwa. Amma ba zan iya faɗin mene ne a takardar ba sai na faɗi wane ne Baba, kuma sai na faɗi abin da na yi masa.

Yana saurayi ya gudu daga gona ya shiga soja, lokacin yaƙin basasa, ba da sanin Kaka, mahaifiyarsa, ba. Saboda ya ɗan taɓa firamare a Tsafe kuma kansa na ja a lissafi, aka tura shi sashen injiniyoyi. Nan ya koyi gada da hanya da rijiya, nan ya yi shekara talatin da wani abu. Mu duka a bariki aka haife mu. Hausarsa ta zama ta bariki, mai gishirin Turanci, amma ranar da ka ɓata masa rai za ka san Bazamfare ne, don duk Hausar gida sai ta dawo bakinsa.

Abu biyu ba ya rabuwa da su: tef ɗin awo a aljihun gaba, da tambaya ɗaya a baki. Duk wanda ya gani yana gini, ko bangon akurki ne, sai ya tsaya ya harɗe hannu a baya ya ce, "Kun tambayi ruwa?" Nufinsa, kun duba ta inda zai bi in an yi sama? Har kunya yake ba mu. Mun taɓa zuwa ɗaurin aure Nahuce, ana ta cin shinkafa, aka nemi Baba aka rasa. Ashe yana bayan gida da uban amarya, yana nuna masa dalilin da katangarsa ba za ta ga damina biyu ba. Mutumin ya ji haushi ƙwarai. Katangar kuma ta faɗi a daminar farko.

A gida ba ya ihu, layi yake sa mu. Kowace Juma'a da safe sai mu jeru ya duba farce. Wanda aka kama da dogon farce hukuncinsa Baba ya zaunar da shi a cinya ya yanke masa da kansa, a hankali, yana hura yatsan. Ni da gangan nake barin nawa. Shi ke wanke kakinsa, shi ke ɗinke maɓallinsa, kuma duk haihuwar da Inna ta yi shi ke shiga madafi kafin dangi su iso, abin da Gwaggo ta riƙa kai ƙararsa gun Kaka kamar ya yi sata.

Faɗansa da Inna da na fi tunawa a kan murhu ne. Ya ga hayaƙi na cin idonta, sai ya gina mata murhu mai tsayi har ƙugu, da bututun fitar hayaƙi, ya shafe shi da siminti, ya kira ta ta gani yana ta murmushi. Inna ta zagaya shi sau ɗaya ta ce, "Malam, a garinku tsaye aka tuƙa tuwo?" Ta koma kan duwatsunta uku. Wata biyu ba wanda ya sauko, har kaji suka mai da murhun wurin ƙwai. Ran nan sai ga Baba da tef ɗinsa. Ya ce ta zauna a kujerarta ta tsuguno ta riƙe muciya, ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, ya rushe aikinsa ya sake. Yana kwaɓa siminti na ji yana cewa, "Na tambayi hayaƙi, ban tambayi mai tuƙi ba." Da wannan murhun Inna ta aurar da mu duka.

Zancen yaƙi kuwa ba ya yi. Sau ɗaya tak ya buɗe mini, ina babba, muna ɓarar gyaɗa da hantsi. Ya ce an taɓa ba su umarnin su karya wata gada, kuma shi ya ɗaura abin fashewar da hannunsa. Da ƙura ta lafa, sai ya hango wata mata a ɗaya gaɓar, da kaya a kai da goyo a baya. Ta iso bakin inda gadar take, ta tsaya, ta dubi ruwan, sannan ta sauke kayanta ta zauna. "Ba ta yi kuka ba, ba ta zage mu ba," in ji shi. "Zama kawai ta yi. Muka tafi tana nan zaune." Ya ci gaba da ɓarar gyaɗarsa, ni ma ban sake tambaya ba.

Da ya yi ritaya, abokansa suka gina gidaje a birane, shi ya tattara mu ya koma ƙauye. Garinmu dutse ne a bayansa, rafi kuma ya zagaye shi ta sauran gefen. Da rani yashi ne, ko akuya ta tsallaka. Da damina kuwa wata uku ba abin da ke shiga garin da taya. A daminarsa ta farko ciwo ya kama Kaka, motar da za ta kai ta asibitin Tsafe ta tsaya a hayi, dole Baba ya goya ta ya ratsa ruwa har ƙirji. Suna tsakiyar rafin, tsohuwar nan da ake zaton ko magana ba ta iyawa ta ce masa a kunne, "Duk gadojin da kay yi ma gwamnati, ni bisa bayanka za ni?"

Da lokacin kaka ya yi ya tara gari. Rani biyu ana aikin gayya, maza na fasa dutse, mata na jan ruwa, shi yana tsaye da tef da igiya yana mai da duk dutsen da bai zauna masa ba. Gada ce ta dutse mai baki biyu, ba ta da wani kyau, amma amalanke na bi, motar hatsi na bi. Kaka ce ta fara hawa. Ta taka da sandarta har tsakiya, ta buga ƙafa sau biyu, ta ce, "To, yanzu ka zama injiniya." Ban taɓa ganin lambar yabon da ta faranta masa rai kamar wannan ba. Sama da shekara ashirin ruwa na dukan gadar nan, ko tsagewa ba ta yi ba.

Sai zamani ya juya, mutanen daji suka fara shigowa da babura. Tsohon soja kuwa abin nema ne a wurinsu, don suna ganin shi ke koya wa matasa tsaron gari. Sau biyu aka aiko cewa ana tambayar gidansa. Na roƙe shi ya dawo Gusau, ya ce ba a taɓa korarsa daga wurin da aka ajiye shi ba. Na sa 'yan'uwana suka roƙa, na sa liman ya roƙa, duk a banza.

Shi ne na yi masa ƙarya. Na aika cewa ana tantance tsofaffin sojoji a Gusau, kowa sai ya zo da kansa. Na san ba zai ƙi amsa kira ba. Ya zo da Inna da ƙaramar jaka, kaya kala biyu, da lambobinsa a naɗe cikin hankici. Washegari ya yi wanka, ya goge takalmi, ya maƙala lambobin a ƙirji, ya fito ya ce mu tafi. Na durƙusa na ce, "Baba, babu wata tantancewa." Ya daɗe yana kallona. Sannan ya cire lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya mai da su hankicin. Shekara uku ke nan, kuma bai sake ganin garinsu ba.

Wanda bai san Baba ba zai ce ai daɗi ya samu: ga fanka, ga asibiti kusa, ga jikoki. Amma gidan suruki ne. Maigidana mutumin kirki ne, yana girmama shi iyakar girmamawa, sai dai Baba bai taɓa cin abinci ya ƙoshi ba in ya ji motsinsa a gidan. Ko tari sai ya danne. Ya auna tsakar gidan ya ce taku ashirin da biyu ce daga ɗakinsa zuwa ƙofa, kuma kullum bayan asuba sai ya yi ta sau hamsin, ana jin takunsa. Ya gyara duk abin da ya lalace, da ya ƙare ya koma gyara wanda bai lalace ba. Ya fita ya yashe kwatar unguwa, ya daidaita mata gangara. Iyakarsa masallaci da bakin layi, ni kuma ina lura da agogo.

Sau ɗaya ya gudu. Daga masallacin Juma'a ya wuce tasha ya hau motar Tsafe. Abin da bai sani ba, na riga na bi direbobin da ke shiga wajen 'Yankuzo ɗaya ɗaya na roƙe su don Allah kada wanda ya ɗauke shi. Duk motar da ya nufa sai a ce ta cika, yana kallon kujera babu kowa. Da muka iso Tsafe muka same shi zaune a kan benci, jakar a cinya. Bai yi faɗa ba. Ya miƙe, ya haɗa ƙafa, ya sara mini a gaban jama'a ya ce, "Fursuna ya shirya, Kwamanda." 'Yan tasha suka yi dariya. Tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai Kwamanda, kuma tun daga ranar na fara kulle ƙofa ina yawo da makullin a jakata har makarantar da nake koyarwa.

In na ce ban ji ciwo ba na yi ƙarya. Na sha kuka a kan sunan nan. Amma ina so a sani, har yau da nake wannan rubutu ban san wata hanyar da zan bi ba. An yanka sa'o'insa biyu a ƙauyukan da ke kusa. Ina son ubana da rai, ko da yana fushi da ni.

Ana saura wata guda ruwa ya sauka bana, Baffa ya zo. Suka zauna a tsakar gida, ina daga bakin madafi ina jinsu. Baffa ya ce daminar bara sau uku aka shigo musu, duka ta kan gada, don ba wata hanyar babur in rafi ya kawo. A na ukun aka tafi da matar ɗansa, har yau ba labari. Dattawan gari sun zauna sun yanke shawara: a karya gadar. In ta tafi, wata uku ba mai shigowa, a samu a yi noma. Sai dai ba za su iya fito da guduma su fasa ta da rana tsaka ba, domin in mutanen daji suka gane da gangan aka yi, garin za su ƙone. Dole ta zama kamar ruwa ne ya ci ta.

"Kai kag gina ta," in ji Baffa. "Kai kaɗai kas san yadda za a ba ruwa ita."

Baba ya ce, "In karya ta? In mace ta tashi haihuwa hwa? In maciji ya ciji yaro? Wa za shi goya su?"

"Mu goya su, kamar yadda munka saba. Wanda anka goya shina iya kaiwa. Wanda anka ɗauka bisa babur hwa?"

"Ba ku san abin da kuka hwaɗi ba. Ni na ga abin da karya gada ka yi."

"Mu kau mun ga abin da barinta ka yi! Kai kana nan ƙarƙashin hwanka, mu muka kwana cikin dawa. Bisa gadarka sunka bi da surukata, Yaya. Bisa gadarka!"

Baba ya juya ya dubi ƙofa. Can ya ce, "To. Ku kai ni in gani. Injiniya ba ya hwaɗin abin da bai duba ba. Sai na tsaya bakin rahin nan da ƙahwata, in ga inda yashi yak koma."

Su biyun suka juyo suka dube ni. Inna ma ta fito bakin ƙofarta. Kwana ɗaya kawai, in ji Baffa, a ayari za a shiga a ayari za a fito. Na dubi Baba, na ga yadda idonsa ya kawo haske, irin wanda rabona da gani tun ranar lambobin nan. Na san in ya taka garin nan ko da igiya ba mai fito da shi. Na ce a'a.

Baffa ya tashi ya kaɗe rigarsa, ko ruwa bai sha ba. Baba kuwa ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Ke kin kulle ni don kada a kashe ni. Su kuma suna so in kulle su don kada a kashe su. Kowa ya zama Kwamanda."

Bayan kwana biyu ya ce in samo masa manyan takardun zane daga makaranta, da fensir da abin ja layi. Ya daina zagayen asuba, ya daina kula kwata. Yana idar da salla sai ya shimfiɗa takarda a kan faifan Inna, ya duƙa har azahar. In na matso sai ya kife. Wani lokaci ya rufe ido yana motsa yatsu, yana ƙirga wani abu da shi kaɗai ke gani. Abinci ya ragu, ƙafa ta fara kumbura, likita ya ce zuciya ce ta gaji. Ranar da aka yi ruwan farko ya sa aka fitar masa da kujera, ya zauna yana kallon yadda ruwan ke bin gangarar da ya gyara yana fita ta ƙarƙashin ƙofa. Ya ce, "Shi ba ya neman izini." Da yamma ya miƙo mini ambulan a liƙe ya ce in ba Baffa hannu da hannu. Kwana tara bayan haka ya rasu.

Wannan ita ce takardar da Baffa ke tambaya ranar uku. Na ɗauko na ba shi, ya ce in buɗe in karanta, don shi bokonsa bai kai ba. Muka koma ɗakin Baba, ni da shi da Inna.

Takardu biyu ne. Ta farko ƙarama ce, zanen gindin gadar ta gefen da ruwa ke fitowa, da duwatsu bakwai da aka yi wa alama da jan biro. A ƙasa ya rubuta cewa waɗannan bakwai ɗin ba siminti a tsakaninsu, a ƙarƙashin yashi suke, kamu uku daga ƙafar gabas. Mutum biyu za su iya zare su da safe ɗaya su mai da yashi. Ruwa zai shiga ta nan ya cinye ƙasar da ke bayan katanga, babban ruwa na biyu ko na uku zai ƙarasa. Ya ce kafin a taɓa dutse ko ɗaya, a fitar da masu tsohon ciki da marasa lafiya zuwa Tsafe. Layin ƙarshe ya ce: "Tun ranar gini na bar su haka. A soja aka koya mana, ba a gina gada sai an bar mata inda za a karya ta. Na yi fatan in mutu ba wanda ya tambaye ni."

Baffa ya riƙe baki. "Ashe ya sani. Tun ran nan ya sani. Ba ya bukatar ganin komi."

Inna ta ce, "Gida yaka son gani."

Nan na kasa ci gaba da karatu. Na yi masa ƙarya na fito da shi, shi ma ya yi tasa ƙaryar ko zai koma, kuma tawa ce ta ci. Mutumin da bai taɓa karkatar da layi ba, ni na kai shi ga haka.

Takarda ta biyu ita ce babba, ita ta cinye masa makonnin nan. Gadar ce gaba ɗaya, dutse bayan dutse, kowanne da lambarsa, daga ƙwaƙwalwarsa ya zano su. Ya nuna inda ruwa zai zubar da su in ta faɗi, a lanƙwasar da ke ƙasa da tsamiya, ya ce da rani a tsince su a tara wuri ɗaya kada a kwashe a yi gini da su. Ya rubuta yadda za a kafa katakon da zai riƙe bakin, da dutsen da za a fara ɗorawa da wanda za a rufe da shi. A samanta ya rubuta: "Ranar da aka samu lafiya."

Baffa ya ninke ƙaramar ya cusa cikin hularsa. Babbar kuwa ya turo mini ita.

"Wagga ke za ki riƙe. Can ana ƙone gidaje." Ya dube ni, karo na farko tun da ya shigo. "Ke kin iya tsaron abu."

Ban san ko zagi ne ko yabo ba, ina jin shi ma bai sani ba. Na karɓa da hannu biyu. Inna ta ce ya zauna mana tukuna, ko zuwa bakwai. Ya ce sama ba ta jira. Na ce to ya dawo da iyalinsa nan, ga ɗakin Baba. Ya girgiza kai ya ce wa zai bar wa sauran? A bakin ƙofa na tambaye shi yadda za mu ji labari, tunda waya ba ta shiga garin. Ya ce, "In kun gane ni ranar arba'in, ba ta yi ba."

Aka yi ta ruwa. Duk sanda hadari ya haɗu ta gabas sai in tsinci kaina a tsakar gida ina kallonsa, ban san me zan roƙa ba. In roƙi aikin ubana ya tsaya, ko in roƙi ya faɗi?

Ranar arba'in muka yi waina da fura. Mutanen unguwa suka cika, Gwaggo ta zo da ayarinta daga Bungudu, dangin Inna suka zo daga Nahuce, sojojin nan suka zo su biyu, don mai sandan ya kwanta. Maigidana ya shimfiɗa babbar tabarma a rumfar ƙofar gida domin mutanen garinmu, kamar yadda aka saba. Na bar ƙofar a buɗe tun safe. Duk sallamar da aka yi sai gabana ya faɗi. Aka yi addu'a, aka shafa, aka raba sadaka. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Mutumin da ya goya uwarsa ya ratsa rafinsu, ya yi musu gada, ya yi shekara ashirin yana rabon faɗansu, ba mutum ɗaya daga garinsu da ya zo addu'arsa.

Gwaggo ta fara faɗa, wai wannan wace irin butulci ce. Inna, da ke cikin takaba a bakin ƙofar ɗakinta, ta leƙa ta hango tabarmar nan ba kowa a kai. Ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Alhamdulillahi. Malam, ta hwaɗi."

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa gadar da ya karya da umarni da wadda ya karya da hawaye, ya sa waɗanda ya gina su tsaya masa ranar tsallaka siraɗi. Allah ya tsare waɗanda ke bayan rafi, ya dawo da waɗanda aka tafi da su. Ni kuma Allah ya yafe mini, don ban samu na roƙi Baba ba. Takardarsa na nan cikin jakata, a aljihun da makullin yake zama. Na riga na haddace lambobin duwatsun har ɗari da sittin, saura na bakin yamma.